An Cika Gidan Kafin Jere

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau sai kun yi haƙuri da ni, labarin da tsawo, tun ranar Alhamis ya faro. Wadda ba ta san ni ba, sunana Bara'atu, haifaffiyar Agege ce ni, dambun nama nake yi a gida ina sayarwa. Wanda zan aura sunansa Kamal, yayan wata mai sayen dambuna ne, Fareeda. Wata rana ta aiko shi karɓar saƙo, ya tsaya a ƙofar gida yana tambaya ta ko da yaji ko babu, na kasa ɗaga ido na ce "da shi." Daga nan aka fara. An sa rana, an raba goro da alewa, 'yan makonni suka rage. Ina sonsa, wannan kam ba zan ɓoye muku ba, duk da shi ban taɓa iya faɗa masa da bakina ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne gidan da za a kai ni.

Kun san yadda ake yi. Namiji ya nemi gida, ya yi fenti, ya sa wuta da ruwa, ya miƙa makulli. Abin da zai shiga ciki kuwa, daga gado har cokali, na uban yarinya ne. Mata su je su auna ɗaki, ranar jere su kwashi kaya su shirya wa 'yarsu suna guɗa. A Agege ba a wasa da wannan. Kakan Babana ma a nan Ikko aka binne shi, Arewa sai a biki ko rasuwa, shi ya sa ɗan abin da ya rage a hannunmu muke damƙe shi da ƙarfi.

Babana, Alhaji Baballe, fata yake saye a mayankar Oko-Oba. Tun ranar da aka kawo gaisuwata ya je shagon Baba Wasiu kafinta ya zaɓi katako da hannunsa, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Gado, sif, madubi, da kujerun falo. Kullum in ya taso daga mayanka, kafin ma ya zo gida ya wanke warin fata, sai ya biya shagon. Ba ya yi min maganar, amma ina jin sa a tsakar gida yana gaya wa mahaifiyarsa, kakata Inno.

"An fara sassaƙa kan gadon, Inno. Na ce ya fitar da fure a tsakiya, kada ya yi min aikin gaggawa. Ba za a ce 'yar Baballe ta shiga gidan miji da jakar hannu kawai ba."

Ita kuma Inno ta jawo tsoffin kwanukanta daga ƙarƙashin gado, samiru masu jan fure da tasoshin tagulla, na jerenta tun na zamanin da. Kullum da hantsi tana zaune tana dirza su da toka da lemun tsami, tana cewa ni ban cancanta ba, amma ya za ta yi.

Umma kuwa, ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa. In aka ɗauko zancen aurena sai ta tashi ta shige madafa. Don haka kar wadda ta ce min me ya sa ban gaya wa uwata ba.

Ranar Alhamis ina tsaka da dakan nama wayata ta yi motsi a cikin zani. Saƙon Yaya Kamal ne.

"Amaryata, na so in ɓoye har ranar da za a kawo ki, na kasa. Kalli gidanki."

Sai bidiyo. Na ajiye taɓarya na zagaya bayan tankin ruwa na kunna. Na san ya kama gida a Ikoyi, unguwar masu kuɗi, a wani dogon bene, kowa ya sani, har Gwaggo tana ta yi wa maƙwabta fankama. Abin da ban sani ba shi ne gidan a cike yake. Kujeru, tebur, labule, kafet, fitilu, har furanni a cikin tulu. Kyamara ta shiga uwar ɗaka, ga gado ƙato an lulluɓe shi da farin zanin gado, har da matasan kai a jere.

Wallahi sai da na dafa tankin.

"Ya kika gani?" ya sake turowa.

Na danna wurin murya na ce, "Yaya Kamal, ai Baba..." sai na goge. Na sake, na goge. Daga ƙarshe na rubuta, "Masha Allah ya yi kyau." Ya turo min zuciya ja har layi biyu.

Ina dawowa wurin turmi sai ga Gwaggo Kalsum, ƙanwar Baba, ta shigo da mayafi a kafaɗa tana fifita da kwalin magani.

"Inno, na yi waya da uwar angon. Jibi Asabar za mu je awo, ni da ke da Fadima. Ta ce ɗan nata ya hana kowa zuwa, wai ana gyaran wuta. Na ce wace irin wuta ce ba ta ƙarewa? Baba Wasiu yana jiran awon bango kafin ya haɗa sif."

Anti Fadima ƙanwar Umma ce. Su ukun nan in suka shiga gidan suka tarar an cika shi, na san abin da zai biyo baya. Gwaggo za ta ce an raina mu, an ɗauka ba za mu iya ba. Baba kuwa ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma in ya ce a mayar wa mutane kayansu, ko limamin unguwa ba ya juya shi. Na taɓa ganin ya yi wa abokin cinikinsa haka a kan magana ɗaya, har yau ko gaisawa sama-sama suke yi.

"Ke kuma me ya same ki kika tsaya kamar an dasa ki?" Gwaggo ta ce. "Daka mana, naman zai sha iska."

Da yamma na shige banɗaki na kira Fareeda ina raɗa.

"Matar yaya! Kin ga gidan? Abeg faɗa min gaskiya, kin yi ihu?"

"Fareeda, Hajiyarku ta san an sa kaya?"

Ta rage murya. "Ba ta sani ba. Ni kaɗai na sani. Na gaya masa fa, bai ji ba."

"Jibi su Inno za su je awo."

"Innalillahi. To ki gaya masa mana."

"Na kasa."

"Oya, gobe in an sauko daga masallaci zan zo in ɗauke ki. Ki gani da idonki, ki faɗa masa a gabana. In kin kasa magana ni zan riƙa mintsinin ki."

Juma'a na ce wa Inno zan kai wa Fareeda dambu, kuma da gaske na zuba mata a roba, don kada ya zama ƙarya tsagwaronta. Na sa atamfata mai ruwan ganye, riga da siket, na ɗora hijabi ruwan toka har ƙasa, da silifas ɗina na fita. Ko hoda ban shafa ba, kwalli kawai. A mota Fareeda tana ta surutu, gosulo ya riƙe mu a Oshodi, 'yan danfo, masu bas ɗin haya, suna ta zage-zage, ni ban ji komai ba. Muka hau doguwar gadar nan ta kan ruwa.

A ƙofar benen akwai maigadi, wani dogon mutumin Nijar da rawani. Ya leƙo ya ga Fareeda ya washe baki.

"A'a, ƙanwar oga. Wagga ita ce amaryar? Barka da zuwa, madam, gida ya yi kyau ƙwarai."

Na ja hijabi na rufe rabin fuska. Muka shiga lif, ya ɗaga mu sama har kunnena ya toshe.

Wata mata ce ta buɗe mana ƙofa, gajeriya, da wando da farar riga, tabarau a saman goshi, tef ɗin awo a wuya. Fareeda ta ce wannan ce Anti Monica, mai tsara gidan. 'Yar Zonkwa ce, Hausarta da ɗan karkacewa amma tana fita sarai.

"Sannu amarya. Shigo, gidanki ne. A'a, bar takalmin."

Na riga na cire. Sanyin ƙasan ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa. Farin marmara ne mai jijiyoyi ruwan toka, yana sheƙi har ina ganin hijabina a ciki.

'Yan uwa, bidiyo bai nuna komai ba. Bango guda na falon gilashi ne tun daga ƙasa har silin, kana tsaye kana kallon ruwa da ƙananan jirage, motoci a ƙasa kamar ƙwaro. Sauran bangon fari ne mai ɗan duhun madara, an fitar masa da zane murabba'i-murabba'i irin na gidajen Turawan da, da siririn layin ruwan zinare a gefe. Daga sama wata fitila ta sauko, 'yan gilasai ne rututu kamar ɗigon ruwan sama ya daskare. A ƙarƙashinta kuma doguwar kujera ce ƙasa-ƙasa, ba hannu ba ƙafa ba ado, launin ƙasa, kamar an yanka burodi an ajiye. Gefe da gefe wasu kujeru biyu na karammiski kore, masu lanƙwasassun ƙafafu da sassaƙa, irin waɗanda mutum zai ji kunyar zama a kai.

"Oga Kamal ya ce min yana son gidan da in dattijo ya shigo ba zai ji shi baƙo ba, in yaro ya shigo kuma ba zai ce gidan kaka ba ne," in ji Anti Monica. "Shi ya sa duk inda na sa abin da, sai in sa na yanzu kusa da shi. Kin ga teburin nan? Tsohuwar ƙofa ce, dubi ƙusoshinta na ƙarfe. Gilashi kawai na ɗora mata."

Ta danna rimot, labule mai nauyi ruwan zuma ya taho da kansa ya rufe gilashin, na ja da baya har na taka Fareeda. Ta sake dannawa, wani hoto mai firam ɗin zinare a bango ya koma talabijin. A kicin ba marfin da yake da mariƙi, sai ka tura shi da yatsa ya buɗe. Murhun baƙin gilashi ne shafal, ba wurin wuta. Firji ma sai da ta nuna min, na ɗauka bango ne. Amma famfon wanke-wanke na tagulla ne mai dogon wuya, irin na da.

Ni duk wannan ba shi nake kallo ba. Wuri nake nema. Idona yana bin kowane lungu yana auna kujerun Baba, mai zaman uku, mai zaman biyu, da ƙananan. Babu. Ko tabarma aka ce a shimfiɗa sai an ɗaga wani abu.

Sai muka zo wurin cin abinci. Teburin baƙi ne siriri mai ƙafar ƙarfe, a bangon bayansa kuwa an rataye marafan samira da tasoshin tagulla, manya da ƙanana, an jera su kamar taurari, da 'yar fitila tana haska su. Jan furen nan sak irin na Inno.

"Waɗannan na sha yawo kafin na same su," in ji Anti Monica. "A wurin masu sayar da kayan da a Lekki. Yanzu ba a samun su."

Kwanukan wata tsohuwa ce da ban sani ba, wataƙila ta rasu jikokinta suka sayar. Su ne a bangon gidana. Na Inno kuma suna can tana dirza su da toka har yatsunta sun yi fari. Na raɗa wa Fareeda cewa Inno ma tana da irinsu, don jerena take ta dirza su.

Uwar ɗaka ita ta ƙarasa ni. Kan gadon an yi shi da laushi kamar katifa, ruwan toka, ya hau bango har ya kusa taɓa silin, an manne shi da bangon. Sif a cikin bango yake, ƙofofinsa na gilashi mai duhu. Ga wani dogon madubi mai firam ɗin zinare a jingine a ƙasa. Anti Monica ta ce gadon daga Turkiyya ya zo ta jirgin ruwa, shi da kansa oga ya fito da shi daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, ai aikinsa ke nan.

Muna nan muka ji sallamarsa. Ya shigo da farar shadda ta Juma'a, hula zanna baƙa, ƙamshin turarensa ya riga shi. Yana gani na ya yi dariya har da tafa hannu.

"Fareeda, kin ɓata min shiri! To shi ke nan, tunda an zo. Bara'a, faɗa min, me ya fi burge ki? Na san kicin ne."

Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi. Fareeda ta mintsine ni. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai hawaye.

"Ka gani, kukan daɗi," ya ce wa Anti Monica.

Ita ta daɗe tana kallo na. "Oga, wannan ba na daɗi ba ne."

Na juya na fuskanci bango, don in ina ganin fuskarsa ba zan iya ba.

"Ina Baba zai sa gadonsa?"

"Wane gado?"

"Wanda yake yi min. Da sif. Da kujeru. Gobe su Inno za su zo awo."

"Haba Bara'a. Ai hutar da shi na yi. Duk abokaina haka suka yi, ba wanda ya ɗora wa surukinsa nauyi. Na ɗauka zai ji daɗi."

"Na gaya maka, Yaya," in ji Fareeda. "Ka ce min ƙauyanci ne."

"Ban ce ƙauyanci ba! Cewa na yi an daina."

"A Ikoyi aka daina. Ita 'yar Agege za ka aura."

"Ke rufe min baki." Ya matso kusa da ni, ya sassauta murya. "To ji nan. Ba abin damuwa ba ne. Akwai sito a bayan kicin, babba ne. A kawo kayan a ajiye, in ya so daga baya a san yadda za a yi."

Ban san lokacin da na juyo ba. Tun da muke ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

"Gadon Babana a sito? Kullum sai ya je ya duba shi kafin ya ci abinci."

Muryata ta fita da ƙarfi har na tsorata da kaina. Fuskarsa ta canja. Ya kalli gadon, ya kalli madubin, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Wata da watanni ina wannan abin," ya ce a hankali. "Kowane labule sai da na ce wanne Bara'a za ta so."

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙara yi min ciwo. Anti Monica ta gyara murya ta ce kan gadon a manne yake, in aka ɓalle shi ba lallai ya koma yadda yake ba, bangon ma sai ya ji rauni. Ta faɗa ne kawai, ba ta goyi bayan kowa ba. Ya juya wajen ƙanwarsa.

"Fareeda, mayar da ita gida kada magariba ta yi muku a hanya."

Ko rakiya bai yi mana ba. A lif Fareeda ta ce, "Kin dai yi ƙoƙari," ni kuwa ji nake kamar na fasa abu mai tsada a gidan mutane.

Da na isa gida na tura masa, "Ka yi haƙuri in na ɓata maka rai." Ya buɗe, na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba.

Asabar da safe gidanmu kamar ranar Sallah. Inno ta ɗauko leshinta ruwan hoda na cikin adaka, mai warin kafur, ta kafa ɗauri. Gwaggo ta sha shadda da sarƙa, Anti Fadima ta zo da jakarta da tef ɗin da aka aro wurin Baba Wasiu. Baba da kansa ya tsayar musu da mota, ya leƙa ta taga yana ce wa Anti Fadima ta auna bangon gado sau biyu, ta duba faɗin ƙofa, kada a kai kaya su ƙi shiga.

Na biyo Inno har zaure na riƙe bakin mayafinta. Na so in faɗa, Allah ya sani.

"Mene ne, Bara'u? So kike in tafi da ke? Mara kunya, jira a kai ki. In gidan ya yi min ma ni zan tare, ke ki zauna ki ci gaba da daka."

Suka yi dariya suka tafi.

Ranar ban san me na yi ba. Na ɗora albasa ta ƙone, na zuba gishiri a nama sau biyu. Umma ta kalle ni ta kawar da kai, ta karɓi ludayin. Na kira Fareeda, a kashe. Na duba wurin Yaya Kamal, saƙona na jiya yana nan shi kaɗai. Duk motar da ta tsaya a layi sai na leƙa. Na yi azahar na manta ko raka'a nawa na yi, na sake.

Bayan la'asar Baba ya dawo da wuri, abin da ba ya yi, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zauna da carbi. Ba a jima ba muka ji muryar Gwaggo tun daga waje.

"Wannan ai cin fuska ne! Yaya, cin fuska aka yi mana!"

Na shige ɗakin Inno na tsaya bayan labule. Umma tana madafa tana daka, na ji taɓaryar ta tsaya.

Gwaggo ta zube gaban Baba ta miƙa masa wayarta. "Kalli. Falo a cike, kicin a cike, har cokula. Labule ma da kansa yake tafiya. Mu muka je da tef kamar mahaukata. Wato sun ga 'yar mai fata, sun ce ba za mu iya ba."

Baba ya riƙe wayar nesa da ido yana kallo, carbin ya tsaya a hannunsa. Ya kalli bidiyon da ta ɗauko har ƙarshe. Na ga jijiyar gefen kansa ta tashi. Na ce shi ke nan.

Inno kuwa ta zauna a kujerar tsugunno, ta cire takalmi, ta ce a ba ta ruwa, wannan akwatin da ke hawa da mutane sama ya juya mata hanji. Sai da ta sha ta yi gyatsa.

"Inno, ke me kika gani?" in ji Baba.

"Abin da Kalsum ta gani na gani. Falo kam ba wurin ajiye tsintsiya. Amma ba ta nuna maka uwar ɗaka ba."

"Me ke ciki?"

"Babu. Wayam, ƙasa da bango. Bangon ma duk ya ɓantale, ga ramuka, ga sawun ƙafar gado a ƙasa, an yi shara ba ta gama fita ba. Mun tarar da yaron a tsaye da singileti, ƙura har gashin ido, ya ɗaure yatsa da tsumma. Da ma'aikata suka kwana suna ɓalle wani abu, in ji 'yar gajeriyar matar nan. Yana ganinmu ya zube har ƙasa, ya ce a gaya maka ya yi kuskure, ga ɗaki nan, in bai isa ba a faɗa masa."

Na toshe bakina da labule.

"Sannan ya ja ni wurin cin abinci," Inno ta ci gaba, "ya nuna min bango duk ƙusoshi, ba komai a kai. Wai nan ne wurin kwanukana. A bango, Baballe! Kwanon tuwo a bango kamar agogo. Na ce yaro, lafiyarka? Wa ya gaya maka ma ina da kwanuka?" Ta ƙara kurɓar ruwa. "Amma da 'yar fitila a sama. Za su yi kyau, ba zan yi ƙarya ba."

"Ɗaki ɗaya!" Gwaggo ta ce. "Ɗaki ɗaya aka bar mana kamar sadaka. Kujerun fa? A kanmu za mu ɗora?"

Baba ya miƙa mata wayarta. Ya tambayi Anti Fadima ko ta auna, ta ce ta auna sau biyu, gadon zai shiga har da sauran wuri, sif ne dai akwai na cikin bango. Sannan ya ciro wayarsa ya kira Baba Wasiu, suka gaisa da Yarabanci kamar yadda suka saba, ina jin kowace kalma.

"Kujerun nan, dakata da su tukuna," ya ce. "Gadon kuwa ka ƙarasa. Ka sa masa man nan mai kyau, furen ya fito."

Na sulale na zauna a ƙasa. A madafa na ji taɓaryar Umma ta ci gaba.

Da a nan aka tsaya da na gode Allah. Amma Gwaggo ba ta huce ba.

"Kuma bari ka ji, Yaya. Maigadinsu, wani Buzu, yana buɗe mana ƙofa ya ce, a'a, jiya amarya, yau iyayenta. Jiya, Yaya! Ga inda aka kai dambu."

Baba ya juyo ya kalli labulen ɗakin Inno.

"Bara'atu," in ji Baba.

Na fito ina jan ƙafa na durƙusa nesa da tabarmar, kaina a ƙasa, ina kallon yatsun ƙafarsa.

"Kin je gidan?"

Na gyaɗa kai.

"Ke kika ce ya fitar da gadon?"

"Cewa na yi... ina za a sa naka."

Inno ta yi wata 'yar dariya ta cikin hanci. Gwaggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu. Na ji idonsa a kaina, ya daɗe, ban san ko fushi ne ko mene ne ba, don ban iya ɗagowa na duba ba.

"Zuwan da kika yi ba da izini ba, za mu yi maganarsa ni da ke," ya ce. "Yanzu ki gaya masa gobe bayan azahar ya zo, shi da kawunsa. Na ji an ba ni ɗaki. Ina so in ji daga bakinsa a ina 'yata za ta zaunar da baƙinta, a kujerar wa."

Ya tashi ya naɗe tabarmarsa da kansa ya fita masallaci.

Ina komawa ɗaki wayata ta yi motsi. Hoto ne, ɗaki fanko da ɓantalallen bango, da yatsa ɗaure da tsumma a gefen hoton. A ƙasa ya rubuta, "Baba ya ce me?"

Na rubuta masa, "Gadon zai zo. Ya ce gobe ka zo da Kawu, maganar falo."

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ina zaune a bakin gadon Inno, kwanukanta a jere a gabana suna ƙyalli, wayar a tafin hannuna. Ɗaki ya bayar har da jinin yatsarsa, amma falon nan shi ne ransa, na ga yadda yake kallon sa. 'Yan uwa, ku sa ni a addu'a. Har na gama rubuta muku wannan, bai turo komai ba.